Mutumina, ka karɓi aikin nan

Assalamu alaikum mutumina,

Ya aiki ya iyali, fatan kowa lafiya, ka gaida min madam da yara. Na ga saƙonka, wai sun ce ka zo ka riƙe musu ƙungiyar a matsayin darakta kai kuma kana ta ja da baya don kai akanta ne, ba ka karanci aikin jin ƙai ba. Toh ni dai a ganina ka karɓa kawai.

Harkar nan ai ba ta ƙofa ɗaya ake shigarta ba. Fazle Hasan Abed da ya kafa ƙungiyar agaji ta BRAC a Bangaladash a 1972 akanta ne irinka, a kamfanin Shell yake aiki har yaƙin 'yancin Bangaladash na 1971 ya sa ya ajiye, ya sayar da gidansa na Landan ya fara tallafa wa 'yan gudun hijirar da ke komawa gida, yau ga BRAC nan cikin ƙungiyoyi mafi girma a duniya. Henry Dunant ɗan kasuwa ne, neman kasuwancinsa ne ma ya kai shi garin Solferino na Italiya a 1859 bayan an gwabza yaƙi a wurin ya tarar da dubban sojoji masu rauni yashe ba mai kula su, abin da ya haifar da Red Cross kenan a 1863. Wangari Maathai kuwa koyarwa take a jami'ar Nairobi kafin ta fara dashen itatuwa da matan karkara a 1977.

Kuma wallahi abin da ke kashe ƙungiyoyi da yawa ba rashin tausayi ba ne, lissafi ne. Mai tallafi zai ba ku kuɗi ya ce na rijiya ne kaɗai, ba ka da ikon taɓa ko sisi ka biya hayan ofis ko albashin direba, ga rijiya an haƙa kowa na murna amma ƙarshen wata ma'aikata na kallonka, sai wani shugaban ya ɗan ara daga nan ya toshe can da niyyar zai mayar, odita na zuwa ya nemi rasit, shikenan amana ta zube kuma labari ya zaga wajen sauran masu tallafin. Kai kam ka san wannan tarkon tun kafin a ɗana shi, shi ya sa nake ganin sun yi dabara da suka nemo ka.

Inda zan ja kunnenka shi ne mutane. Za ka tarar da tsohuwar nas, da malamin makaranta, da yaron da ya fara a ɗan sa-kai yana raba fom har ya zama jami'in fili, duk sun fi ka sanin jama'ar da kuke wa aiki. Kar ka zauna a ofis da bajet, ka bi su fili ka saurara, in sun ce tsarin da aka rubuta a furofozal, wato takardar neman tallafi, ba zai yi ba to yawanci gaskiyarsu ne. Sannan ka tuna kwamitin amintattu ne ke sama da kai, su za su iya sallamarka, don haka labari mara daɗi ma ka kai musu da wuri.

Kafin ka sa hannu dai ka ce su nuna maka rahoton odit na bara, ka tambayi albashin wata nawa ke cikin asusu, da kuma yaushe babban tallafinsu zai ƙare. In ka gani ka kira ni mu tattauna, don Allah kar ka bari sai ka yanke shawara.

Naka har kullum.