Bana Na Fitar da Zakka

Argungu,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma ruwan Fatakwal bai gama jiƙa maka ƙashi ba. Na san kana fushi da ni, domin wata huɗu ke nan saƙonka yana cikin wayata ban amsa ba, kuma Gwaggo ta tsegunta mini abin da ka faɗa a kaina ranar da kuka yi waya. Na amsa laifina. Sai dai saƙon naka ba irin wanda ake mayar wa martani a tsaye ba ne, musamman wurin da ka ce wanda aka haifa a gidan babu, a gidan babu za a yi masa sutura, kuma albashinka ba ya ganin 15 ga wata. Na so in jira har in sami abin da zan nuna maka a hannu, ba dogon Turanci ba.

To, ga shi ya samu. Ranar Alhamis da ta wuce na fitar da zakkar shinkafa, karo na farko tun da nake a duniya. Buhu 60 na shanshera na ɗauka a noman ranin bana, na ware buhu 3, domin liman ya tabbatar mini cewa amfanin da aka shayar da inji ɗaya cikin ashirin ake fitarwa, ba ɗaya cikin goma ba kamar na damina. Ka san gidanmu, ka san mu ne ake aiko wa da kwano bayan girbi. Da na ga yara suna ɗora buhunan a kan amalanke za su kai wa waɗanda aka rubuta, sai na koma bayan rumbu na tsaya ni kaɗai na ɗan lokaci, don kada abokin nomana Dogo ya gan ni ya sami abin ba da labari har shekara ta zagayo.

Ba na so ka ɗauka ina musun abin da ka faɗa game da halin da ake ciki. Gaskiya ka faɗa. Tsadar rayuwa ba ƙarya ba ce, kuma babu wani kyakkyawan zato da zai hana gulbi cika. Kana nan gida a 2020 lokacin da ambaliya ta shafe fadamun Kebbi, ka ga abin da ya faru da idonka. Ni har yau ina tuna safiyar da na tsaya a bakin gonata ina kallon ruwa shimfiɗe har iyakar ganina, nan da can kawunan shinkafa suna leƙowa, ga shi saura 'yan makonni a fara yanka. Abin da ba ka gani ba, saboda ka koma wurin aiki, shi ne yadda na yi bayan nan. Wata shida na yi a teburin mai shayi na bakin tasha, daga hantsi har azahar, ina lissafa waɗanda suka cuce ni: gwamnati, dillalai, masu sayar da taki, har da dangin da ban ga ƙeyarsu ba wajen jaje. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji. Kuma abin mamaki, kullum ina da gaskiya, kullum kuma aljihuna yana ƙara rama.

Maiɗakina ce ta tashe ni daga teburin nan, ba da faɗa ba. Ka san sana'arta ta turara shinkafa tana sayarwa tiya-tiya, wadda mu biyu muka sha yi wa dariya. Wani dare ta ɗauko kuɗin adashin da ta kwasa ta ajiye a gabana, ta ce: "Malam, wannan rance ne, ba kyauta ba. Kuma sharaɗina ɗaya, duk sisin da ya fita daga cikinsa a rubuta shi." Ta haɗa mini da littafin rubutun yaronmu mai sauran shafuka. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ga kamar an raina ni, amma da yake ba ni da wata mafita sai na karɓa.

Littafin nan shi ya tona mini asiri. A ƙarshen watan farko na zauna na haɗa abin da ya tafi a shayi da goro da katin waya da ɗan abin da nake miƙa wa maroƙa a wurin biki don kada a ce wane ya zo bai yi komai ba, sai na ga ya kusa kuɗin buhun taki. Ban taɓa sanin haka ba, domin ban taɓa ƙirgawa ba, kuma dalilin da ya hana ni ƙirgawa shi ne a zuciyata na riga na yanke cewa abin da ke hannuna bai kai a kira shi dukiya ba. Wanda ya ɗauki kansa matsiyaci ba ya ganin amfanin tattalin naira ɗari biyar, sai ya ce me za ta yi mini, ya kashe ta, gobe ma haka. Daga nan na gane cewa raina ƙaramin abu da nake yi ba wadatar zuci ba ce kamar yadda nake yaudarar kaina, fid da rai ne ya sa rigar malamai.

Ka tuna shirin bashin manoma da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015? Na sami iri da taki a lokacin, amma ban taɓa kallonsu a matsayin jari ba, rabona na gwamnati na ɗauke su. Rabin takin a kasuwa ya ƙare, kuɗin kuma ka san inda suka tafi, tunda kai ka raka ni wurin telan. Haka kuma lokacin da wani yaro ya zo da labarin wata harka ta intanet da ake zuba kuɗi su ninka cikin wata guda, na sayar da tunkiyar Inna na zuba, har yau ko ƙeyar kuɗin ban gani ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji mutanen da. Abin da na lura da shi daga baya shi ne, zuciyar da ke cewa ba zan taɓa samu ba ita ce dai ke cewa bari in samu gaba ɗaya a dare guda, domin dukkansu sun ƙi yarda cewa ƙwazon mutum na yau da kullum yana iya tara wani abu.

Na san yanzu ka fara murmushin nan naka kana cewa arziki nufin Allah ne. Haka ne, babu mai ja. Amma kai da ka fi ni zama gaban malam, ka san labarin Abdurrahman bin Auf, wanda ya isa Madina ba shi da komai, Sa'ad bin Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'ar albarka ya ce a nuna masa kasuwa, ya dawo da ɗan cuku da man shanu a matsayin ribar farko. Bai raina cukun ba. Ka kuma san an ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Mu dai mun iya rabin ƙarshe na maganar, rabin farko ne yake yi mana nauyi.

Gwajin gaske ya zo ne a 2023. Ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya ma ta wuce 1,000. Noman rani kuwa fetur yake sha kamar yadda shinkafa ke shan ruwa, shi ya sa da yawa daga cikin maƙwabtana a fadama suka jingine injinansu suka ce noma ya ƙare. Da a ce da ne, da ni ne limamin masu wannan magana. Sai na buɗe littafin, na duba lita nawa na ƙona a kakar da ta gabata, na auna da kuɗin injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, na ga idan mu uku muka haɗa hannu, cikin kaka biyu zai biya kansa. Ni da Dogo da ɗan Kawu muka yi karo-karo muka saya, muka raba kwanakin ban-ruwa. Yana da nasa ciwon kai, domin ranar da hazo ya rufe sama ƙarfinsa yana raguwa, kuma dole a kwashe farantan a kai gida kowace yamma saboda ɓarayi. Mun yi faɗa sau biyu a kan wanda zai sha ruwa ranar Juma'a. Dogo ma har ya je wurin liman yana neman fatawa a kaina, wai tunda rana kyauta ce, ɗaya cikin goma ya kamata in fitar. Liman ya tambaye shi ko kyauta aka ba mu injin.

Wanda ya fi mini wuya duka shi ne koyon cewa babu. Ba babun ƙarya ba, babun mutumin da ya ware uwar kuɗi daban da riba, ya kuma ƙudurta cewa uwar kuɗi ba ta zuwa biki. Lokacin auren 'yar Baba Ƙarami an sa ran zan ɗauki nauyin kayan ɗaki, na ba da abin da ribata za ta iya, na ƙi taɓa kuɗin taki. An yi ta magana, har aka sa mini suna Mai Littafi, kuma sunan ya bi ni har masallaci. Ya yi mini zafi, ban ɓoye maka ba, domin zumunci ba abin wasa ba ne a wurinmu. Amma buhu ɗaya cikin ukun nan gidan surukar yarinyar ya tafi, wadda mijinta ya rasu bara, kuma da na ci jarin a wancan bikin da bana ma ni ake aiko wa.

Game da kai kuwa, ban ce ka bar aikinka ba, ban kuma ce albashin ya isa ba. Abin da nake roƙonka shi ne ka sayi littafi, ka rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka na wata ɗaya tak, har da kuɗin kallon ƙwallo da kake cewa ba ka zuwa, sannan ranar da albashi ya shigo ka cire wani abu komai ƙanƙantarsa kafin ka fara biyan kowa. Idan ba ka yarda da hannunka ba, maiɗakina ta ce akwai gurbi ɗaya a adashinsu da za a fara bayan Sallah, kuma suna karɓar zubi ta waya. Ta ce in gaya maka uwar adashin ba ta san uzuri ba, ko na mutumin Fatakwal.

Na ajiye buhu 20 ban sayar ba, ina jira kasuwa ta ɗan ɗaga, domin yanzu kowa ya fito da tasa kuma dillalai sai yanga suke yi. Rancen maiɗakina na gama biya tun bara, amma har yanzu ita ke duba littafin duk daren Juma'a, kuma makon jiya ta kama ni da tsiren naira dubu da ban rubuta ba.

Na tuna ka tambaye ni farashin fili a fadamar da ke bayan gonar Kawu. Wallahi na manta ban bincika ba, sai na ga mai unguwa ranar kasuwa. Ka gaida uwargida da yara, ka ce wa ƙaramin ina riƙe da alkawarin ƙwaryar kamun kifinsa. Inna tana gaishe ka, ta ce maganin ƙafar da ka aiko ya ƙare.

Naka har kullum,
Mai Littafi