Kafin Ka Yaɗa Sakamakon Gwajin Asalinka, Ka San Abin da Aka Auna

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi wa jama'a bayani a kan gwajin ƙwayoyin gado na gano asali, wanda aka fi sani da gwajin DNA. Hotunan sakamakonsa sun fara yawo a Facebook da WhatsApp, ana kuma yi musu fassarar da ba tasu ba. Wani zai ga an rubuta masa kashi 6 cikin 100 daga Arewacin Afirka, sai ya ce ai dama an faɗa masa kakansa Balarabe ne. Wani kuma ya ga sunan ƙasar da bai taɓa jin an danganta gidansu da ita ba, ya kwana yana zargin iyayensa. Dukansu biyun sun ɗora wa takardar nauyin da ba za ta iya ɗauka ba.

A fara da yadda ake yin gwajin, domin tun daga nan kuskure ke shigowa. Kamfanoni irin su AncestryDNA da 23andMe suna aiko da 'yar kwalbar roba mai layi a jikinta, a tofa yawu har ya kai layin, wajen mililita 2. Kumfa ba ta cikin lissafi, ruwan yawun ne zai taɓa layin. Minti 30 kafin nan ba a cin komai, ba a shan komai, ba taba, ba goro, ba asuwaki. Idan an rufe murfin, wani ruwa da ke cikinsa zai zubo ya gauraya da yawun domin ya hana shi lalacewa, sai a girgiza na ɗan lokaci. Lambar da ke jikin kwalbar dole a yi mata rajista a shafin kamfanin kafin a aika, in ba haka ba samfurin ya zama marar mai shi. A gidan da mutum uku ko huɗu suka yi gwajin rana ɗaya, kowa ya yi rajistar kwalbarsa kafin na gaba ya buɗe tasa, don musayar kwalba tsakanin wa da ƙane ta isa ta haifar da sakamakon da zai tayar da hankalin gida. Wanda aka taɓa yi wa dashen ɓargo kuwa kada ya ɓata kuɗinsa, domin yawunsa na ɗauke da ƙwayoyin jinin wanda ya ba shi ɓargon.

A ɗakin gwaji ba a karanta dukkan DNA ɗin mutum. Tsawonsa ya kai harufa kusan biliyan 3, na'urar kuma tana duba wurare 600,000 zuwa 700,000 ne kawai, wuraren da aka san mutane sun fi bambanta a kansu. Wannan karatun yana da inganci ƙwarai. Matsalar tana mataki na gaba, inda kwamfuta ke yanyanka DNA ɗin guntu-guntu, ta kwatanta kowane guntu da na wasu mutane masu rai a yau waɗanda kamfanin ya tara a rumbunsa ya raba su rukuni-rukuni, sannan ta ce wannan guntun ya fi kama da na rukuni kaza. Saboda haka "Mali kashi 15" ma'anarsa ita ce kashi 15 na guntayenka sun fi kama da na mutanen da kamfanin ya sa wa suna Mali, a cikin waɗanda yake da su. Ba a tono ƙashin kakan kowa an gwada ba.

To su wane ne a cikin rumbun? Babban aikin nan na 1000 Genomes, na tattara DNA ɗin al'ummomin duniya da kamfanonin ke amfani da bayanansa, wanda ya kammala a 2015 da mutum 2,504 daga al'ummomi 26, mutanen da ya ɗauka daga kudu da Sahara su ne Yarabawan Ibadan, da Esan na jihar Edo, da Mende na Saliyo, da mutanen yammacin Gambiya, da Luhya na Kenya. Babu Bahaushe, babu Bafulatani, babu Babarbare, babu Buzu. Kamfanonin suna ƙarawa da nasu abokan ciniki waɗanda kakanninsu huɗu suka fito daga wuri ɗaya, amma mafi yawan masu sayen gwajin Turawa ne. Shi ya sa na'urar ke iya bambanta kudancin Italiya da arewacinta, amma idan ta zo kan mutumin Katsina ko Damagaram sai ta rarraba shi tsakanin Najeriya da Mali da Sanagal da Sudan da Arewacin Afirka, domin da abin da ke hannunta take aunawa. Alhali kuwa Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin ƙwayoyin gado. Mudun da aka yi don gero ne aka zo ana auna mai da shi.

Ko a inda rumbun ya cika, lissafin kintace ne. A 2019 gidan talabijin na CBC a Kanada ya ba da rahoton yadda aka aika yawun wasu tagwaye mata masu kama ɗaya zuwa kamfanoni biyar. Sakamakon ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har a kamfani ɗaya ma alƙaluman tagwayen ba su zo daidai da juna ba. Haka nan duk lokacin da kamfani ya sabunta rumbunsa, alƙaluman mutum kan canza, kashi 8 na bara ya koma 2 ko ya ɓace. A shafin 23andMe akwai wurin da ake zaɓar ƙarfin tabbaci, daga kashi 50 zuwa kashi 90. A da, abin da ake fara nuna wa mutum na kashi 50 ne, wato rabi da rabi. Duk mai son sanin abin da na'urar ta tsaya a kansa da gaske, ya matsar da shi zuwa 90, zai ga yawancin ƙananan alƙaluman sun narke sun koma "ba a tantance ba". Shawararmu ita ce duk abin da bai kai kashi 2 ba a ajiye shi gefe, sai in ya sake fitowa a gwajin uwa ko na uba.

Akwai kuma lissafin gado da ya kamata kowa ya riƙe. Rabi daga uwa, rabi daga uba, wannan tabbas ne. Daga kowane kaka kusan kashi 25, amma yana iya hawa ko sauka, domin ana cakuɗa DNA a kowane haihuwa. Daga iyayen kakanni kusan 12.5. Kashi 1 cikin 100, in na gaske ne, yana nuni da mutum guda a tsatso na shida ko na bakwai. Idan aka koma tsatso goma baya, wajen shekara 250 zuwa 300, gurbin kakanni 1,024 ne, kuma da yawansu ko ƙwaya ɗaya ba ta iso ka daga gare su ba, duk da cewa kakanninka ne na haƙiƙa. Wannan ne dalilin da shaƙiƙai biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ke samun alƙaluma daban, kuma babu abin zargi a ciki.

Ga mu Hausawa akwai ƙarin magana. Hausanci harshe ne da al'ada da zaman tare, kuma ƙasar Hausa ta daɗe tana haɗiye baƙi. Sunayen unguwannin Kano kaɗai sun isa shaida: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi, Dandalin Turawa inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Iyakar Najeriya kuwa ta jiya ce, 1914 aka haɗe kudu da arewa. Babu wata ƙwayar gado da ake kira ta Bahaushe, don haka takardar ba ta da ikon shigar da mutum Hausa ko fitar da shi. Fulani ma su lura: binciken da aka wallafa a 2019 a kan Fulanin Burkina Faso ya sami kusan kashi ɗaya cikin biyar na gadonsu yana da alaƙa da mutanen arewacin Afirka da Turai, kuma cuɗanyar ta faro tun wajen shekara 1,800 da suka wuce. Bafulatanin da ya ga irin wannan adadi a sakamakonsa yana ganin tsohon gadon al'ummarsa ne gaba ɗaya, wanda ya zo masa ta kowane ɓangare. Kada ya tafi neman wani kaka guda ɗaya fari.

Sai reshen uba da reshen uwa, inda aka fi yin tuntuɓe. Kuromosom Y, wani sashe na DNA da maza ke ɗauke da shi, daga uba yake zuwa ga ɗa namiji kawai, don haka mace mai son sanin reshen gidansu sai ta sa mahaifinta ko ɗan'uwanta ko baffanta ya yi gwajin. DNA ɗin mitokondiriya kuma, wani ɗan ƙaramin DNA dabam da ke cikin ƙwayoyin jiki, mai harufa 16,569, daga uwa yake zuwa ga 'ya'yanta maza da mata, amma mata kaɗai ke miƙa shi gaba. Ana ba wa kowane reshe suna da harafi da lamba. Yawancin mazan Afirka ta Yamma E-M2 ne. Amma Hausawa da dama kan sami R1b, su shiga intanet su ga cewa shi ne reshen da ya fi yawa a Ingila da Faransa da Sifen, sai su ɗauka Bature ne ya shigo gidansu. Na Turawan Yamma R1b-M269 ne. Namu R1b-V88 ne, ƙaramin reshe dabam da ya rabu da wancan shekaru dubbai masu yawa. Binciken Fulvio Cruciani da abokan aikinsa na 2010 ya nuna ya fi yawa a tsakanin masu magana da harsunan dangin Cadi, wanda Hausa ke cikinsu, har a wata ƙabila ta duwatsun Mandara a arewacin Kamaru ya haura kashi 90 na maza. Ya bazu a nan tun zamanin da Sahara ke da tafkuna da ciyawa. A karanta sunan reshen har ƙarshensa, domin bayanin yana cikin lambobin baya.

Haka reshen J1, wanda ya yi yawa a ƙasar Larabawa. Samun sa ba ya tabbatar da sharifta, domin ya girmi Musulunci da dubban shekaru, kuma miliyoyin mutane a Yaman da Sudan da Habasha da yankin Kokasus suna ɗauke da shi. Rashin sa ma ba ya kore nasabar da ta bi ta wajen mace. Labarin Bayajidda da zuwansa Daura daga Bagadaza shi ma ba wannan gwajin ne zai raba gardamarsa ba. A tuna, reshen uba mutum ɗaya ne tak cikin waɗancan 1,024.

Sashen da ya fi ƙarfi a duk sakamakon shi ne jerin dangi, kuma shi aka fi yin watsi da shi. Ana auna yawan DNA ɗin da mutum biyu suka yi tarayya a kai da ma'aunin santimogan, a taƙaice cM. Uwa ko uba da ɗa kusan 3,400 zuwa 3,500. Shaƙiƙai wajen 2,600. 'Ya'yan wa da ƙane ko taubasai wajen 850. Jikokin shaƙiƙai wajen 230. Amma a kula da lamba 1,750, domin 'yan uba da 'yan uwa ɗaya, da kaka da jika, da baffa ko kawu ko goggo da ɗan ɗan'uwansu, duk a nan suke haɗuwa. Sunan da kamfanin ya rubuta a gefe kintace ne, sai an haɗa da shekarun mutanen da abin da dangi suka sani. Guntayen da ba su kai cM 7 ba kuwa da yawansu dacewa ce kawai.

Auren zumunci yana ƙara rikita wannan lissafi, kuma na'urar ba da gidaje irin namu aka tsara ta ba. Idan wa da ƙane suka auri ya da ƙanwa, 'ya'yansu za su yi tarayya a kan kusan kashi 25, daidai da na 'yan uba, sai shafin ya rubuta musu haka. A dangin da aka daɗe ana aure a cikin gida, ɗan'uwa na nesa zai fito kamar na kusa. Abin dubawa a nan shi ne tsawon guntayen: dangantakar kusa tana barin dogayen guntaye kaɗan, tsohon zumunci kuma yana barin gajeru masu yawa.

Saboda haka muna jan kunne da babbar murya: kada a kore ɗa ko a zargi mace saboda shafin kamfani. Kwalba ce da aka cika a gida ba shaida, ba wanda ya tabbatar da mai yawun. Ko gwajin da aka yi bisa ƙa'ida ma, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a zamanta na Makka a 2002 ta yanke cewa ba a dogara da shi wajen kore nasabar da ta tabbata a shari'a, ba a kuma gabatar da shi a kan li'ani. Haka kuma wannan gwajin ba ya maye gurbin gwajin sikila kafin aure. Wani bincike na 2018 ya sake duba alamomin cuta da aka tsinto a ɗanyen bayanan irin waɗannan kamfanoni, ya sami kashi 40 cikinsu ba gaskiya ba ne. Mai son sanin ko AA ne ko AS ya je asibiti a ɗebi jininsa.

Abu na ƙarshe shi ne sirri. Kana tarayya da mahaifinka a kan rabin DNA ɗinka, haka ma da ɗanka, don haka wanda ya tofa yawu ya buɗe wani ɓangare na sirrin danginsa ba tare da an tambaye su ba. A 2018 'yan sandan Kalifoniya sun kama wani da ake nema tun shekaru masu yawa ta hanyar bayanan danginsa na nesa da ke shafin neman dangi na GEDmatch. A 2023 masu kutse sun shiga asusun 23andMe wajen 14,000 da tsofaffin kalmomin sirri, ta jerin dangi kuma suka kai ga bayanan mutum kusan miliyan 6.9, sannan a Maris 2025 kamfanin ya shigar da takardun karyewar arziki. Wanda ya riga ya yi gwajin ya sa kalmar sirrin da ba ya amfani da ita a ko'ina, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya sauke ɗanyen bayanansa ya adana, ya duba ko ya amince a yi bincike da su ba da saninsa ba. In ya gama da shafin, ya nemi a goge asusun, sannan ya duba ko ya taɓa zaɓar a ajiye yawunsa, ya nemi a lalata shi.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu nazarin ƙwayoyin gado da aikin ɗakin gwaje-gwaje