Zuwa Kumasi, kan maganar karatun Hafsatu

Assalamu alaikum Alhaji Sani,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da Baba tsoho. Tun Babbar Sallah ban ji ɗuriyarka ba, kuma goron da ka yi mini alkawari, ko fataken da ne suka ɗauko shi a jaki daga Gwanja da tuni ya iso Kano.

Albishirinka. 'Yarka Hafsatu ta samu gurbin digiri na biyu a Ingila, har wuri biyu: Oxford, da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Liverpool. Tun ranar da saƙon ya shigo gidan nan bai zauna ba. Yaya Babba ya ce babu abin shawara, wanda Oxford ta kira ba ya waiwaye. Gwaggonta har ta gama sanar da dangi. Liverpool kuwa, da na faɗa a majalisarmu ta bakin masallaci, nan take aka koma zancen ƙwallo.

Ni ma sunan ya ja ni, ba zan ɓoye maka ba. Jami'ar da ake karatu a cikinta shekara sama da 900, wadda jadawalin Times Higher Education yake sa ta ta ɗaya a duniya shekaru a jere tun 2016, wane uba ne ba zai so a ce 'yarsa can ta fito ba? Kuma ko a maganar zazzaɓin cizon sauro ba baya ba ce. Allurar rigakafinsa ta R21 a can aka ƙirƙiro ta, a cibiyar Jenner, kamfanin Serum na Indiya yake sarrafa ta. Ku mutanen Ghana kuka fara amincewa da ita a Afrilun 2023, na san ba za ka bar ni in manta ba. Mu sai Disamban 2024 aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa.

Amma ka san Hafsatu. Ta zaunar da ni da dare ta buɗe kwamfuta ta ce, Baba duba abin da za a koya mini. Kwas ɗin Oxford ya fi karkata ga tsara harkar lafiya da manufofi da jagoranci. Ita kuwa sauron take so, da hannunta, a ɗakin gwaje-gwaje. Tun da ta yi aikin kammala digirinta tana yawon kwatami da kududdufai tana kwasar tsutsar sauro a roba, abin da ke cin ranta ɗaya ne: me ya sa maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi ya rage kashe sauro? Wannan bijirewar da sauro ke yi wa magani, mutanen Liverpool sun daɗe a kanta, kuma suna kiwon sauro iri-iri a can don gwaji. Makarantar tun 1898 take, ita ce ta farko irinta a duniya. Ronald Ross, wanda ya tabbatar sauro ne ke yaɗa cutar har aka ba shi kyautar Nobel a 1902, malami ne a can. Ƙarama ce, ba ta koyar da shari'a ko tarihi, shi ya sa in ana auna jami'a sukutum ba a jin sunanta. Jadawalin nan gidan gaba ɗaya yake aunawa, alhali yarinya ɗaki ɗaya za ta zauna, a gaban malamai ƙalilan.

Kana tuna daminar da ƙaninta Usman ya kwanta, har aka ƙara masa jini? Ita ta kwana a gefen gadonsa dare biyar, tana aji uku na sakandare. Daga nan abin ya shige ta. In ta ce mini kusan ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin nan a duniya 'yan Najeriya ne, fuskar ƙaninta nake gani a idonta.

Af, kafin in manta. Malam Garba mai shayi ya aurar da autarsa, kuma har yau yana tambayar ina mutumin Kumasi mai shan bashi. Na ce masa kana nan tafe da riba. Ɗanladi ya sayar da kurkurarsa ya koma noman rani a Kadawa, tumatir ya karɓe shi sosai, har ya yi ƙiba. Katangar bayan gidanmu ta zube da ruwan Agusta, Allah ya tsare babu kowa a wurin, yanzu mun tayar da ta bulo.

Abin da ke hana ni barci shi ne bayan ta dawo. Kai ka yi aikin gwamnati kafin ka koma kasuwa, ka san yadda ake duba takarda a wurin ɗaukar aiki. Mai dubawa ya ga Oxford zai gyara zama. Ya ga ɗayar, wataƙila sai an yi masa bayani. Hafsatu ta ce waɗanda za su ɗauke ta digirin digirgir ko aikin bincike sun san makarantar sarai, kuma abin da za su tambaya shi ne wa ya koyar da ita, me hannunta ya iya. Na ga gaskiyarta, kuma zuciyata ta fi kwanciya da Liverpool. Yaya Babba ne ban san ta inda zan ɓullo masa ba, shi ya riƙe ta shekara uku a Zariya, maganarsa ba abin yarwa ba ce. Yana jin taka fiye da tawa tun muna yara. Don Allah ka kira shi, amma kada ka ce ni na sa ka.

Duk wannan kuma sai tallafin karatu ya fito, don kuɗin shekara ɗaya a can ko gidan nan na sayar ba lalle ya kai ba. Ta cika takardu, muna jira, ka sa mu a addu'a. Maman yara tana gaida Hajiya, ta ce atamfar ta iso kuma ta gode. Ka shafa mini kan Abba.

Naka,
Ibrahim