Koken Mazauna Unguwa Kan Ƙarar Injin Yankan Ƙarfe

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya.

Ranka ya daɗe, mu talakawanka muna kawo kukanmu kan shagon walda da aka buɗe a tsakiyar layinmu, bango ɗaya da gidajen aure da makarantar allo.

Mun saba da hayaniya. Rugugin janareta da ƙugin injin niƙa duk mun haƙura da su, domin kowa abincinsa yake nema. Amma ƙarar injin yankan ƙarfe daban take. Da faifan ya taɓa rodi sai ka ji wani ƙiiii siriri mai kaifi ya ratsa kai har cikin haƙori. Tsofaffinmu suna kiranta tsuwwa, mata suna cewa tana huda dodon kunne, tana tayar da tsigar jiki. Ko an kashe injin, kunne yakan jima yana shuuu. Jarirai suna firgita daga barci, masu hawan jini suna kwana da ciwon kai, malamin allo kuwa sai ya yi ƙaraji kafin almajiri na gabansa ya ji shi.

Masana lafiya sun tabbatar cewa ƙarar da ta kai desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan), in ana jinta awa 8 kullum, tana kurumta mutum a hankali, irin wannan injin kuma yakan kai 100. Yaran shagon, waɗanda 'ya'yanmu ne, haka suke yini a kansa kunne buɗe. Su muka fi ji wa tsoro.

Sau biyu dattawa suka zauna da mai shagon, ya yi alkawari, bai cika ba. Ba mu son mu rufe masa hanyar abinci, amma addininmu ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma tun 2009 hukumar kare muhalli ta ƙasa, wato NESREA, take da dokar taƙaita ƙara a wuraren zama.

Muna roƙon Mai Girma Hakimi ya kira shi, a hana yanka daga Magariba zuwa ƙarfe 8 na safe da lokutan salla, a mayar da injin cikin rufaffen ɗaki, a saya wa yaran abin toshe kunne. In hakan ya gagara, a nema masa wuri cikin 'yan sana'arsa a bakin titi.

Allah ya taimake ka.

Mu ne talakawanka,
Dattawa, iyaye mata da matasan unguwa.