Amsa ga malamin da ya ce na raina ƙuri'ar talaka

Assalamu alaikum, Malam.

Tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a ta iso. Ka ce tunda na yaba wa biranen Amurka da ke ɗaukar manaja ya gudanar musu da harkokin gari, in fito in faɗa ko na fi son ɗan haya a kan wanda jama'a suka zaɓa. Ka ƙara da cewa irina ne masu raina ƙuri'ar talaka. Wannan ta ƙarshe ta sosa mini rai ƙwarai, domin duk mai bin rubutuna ya san ban taɓa goyon bayan a ɗora wa mutane shugaba ba da yardarsu ba.

A tsarin da na yaba, jama'a ne ke zaɓen kansiloli. Su ke yin doka, su ke amincewa da kasafin kuɗi, sannan su nemo ƙwararre su damƙa masa ruwan famfo, kwashe shara, gyaran titi da kula da ma'aikata. Ranar da ya gaza, galibi zama ɗaya da rinjayen ƙuri'ar kansiloli sun isa a sallame shi. Magajin gari mai cikakken iko kuwa, irin na New York ko Chicago, idan ya lalace tun shekarar farko, galibi sai an haƙura har wa'adinsa na shekara 4 ya cika. To wanne ne ya fi zama a tafin hannun masu zaɓe?

Kuma wuya ce ta haifi waɗannan tsare-tsare. A 1900 guguwa ta ragargaza Galveston a jihar Texas, mutum fiye da 6,000 suka mutu. A 1901 aka miƙa garin ga kwamishinoni 5, aka raba musu ma'aikatu. Birane da dama suka kwaikwaya, sai aibin ya fito: wanda ke zama a majalisa ya ware kuɗi, shi ne ke komawa ofis ya kashe su, kowa na jan bargo gefensa. Galveston kanta ta yi watsi da tsarin a 1960. Portland ta jihar Oregon, babban birni na ƙarshe da ya riƙe shi, ta kaɗa ƙuri'ar barinsa a 2022. Shi kuwa tsarin manaja, Staunton ta jihar Virginia ta fara gwada shi a 1908, Dayton ta jihar Ohio ta rungume shi bayan ambaliyar 1913. Yau Phoenix da Dallas da San Antonio a kansa suke, kowanne da mutum sama da miliyan ɗaya.

Ka kawo San Diego, wadda ta koma hannun magajin gari mai iko a 2006. Haka ne, mutanen garin suka zaɓi hakan da ƙuri'arsu, kuma haƙƙinsu ne. Batun cewa tsarin manaja abin Turawa ne ba zan tsaya a kansa ba, tsarin da kake karewa ma daga can ya fito.

Da tausayin mai zaɓe ne ya motsa ka, da ka duba gundumomi. Gundumar Los Angeles tana da mutum kusan miliyan 10, amma wakilai 5 kacal ke riƙe da doka da zartarwa gaba ɗaya, sai a 2024 masu zaɓe suka amince a mayar da su 9, a kuma riƙa zaɓen shugaba daban. Ba ka ce uffan a kan wannan ba. Ina zargin abin da ke jan ka ga mutum ɗaya mai iko shi ne sauƙin kamun ƙafa, don mai neman kwangila ya fi son ƙofa ɗaya da zai ƙwanƙwasa a kan majalisar da ke zama a gaban jama'a ana rubuta abin da kowa ya faɗa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne duk muhawararmu kan mulkin gari a kan wanda zai hau kujera take ƙarewa. Da wuya ka ji an tambayi wa ke duba littafin kuɗi, wa ke da ikon cewa a dakata. Don haka ni ma ga tawa, Malam, a bainar jama'a kamar taka: a tsarin da ka fi so, idan magajin gari ya fara raba kwangila ga 'yan'uwansa a shekararsa ta biyu, wa zai tsayar da shi, kuma cikin wata nawa?

Wassalam.