A buɗe wa talaka takardun ƙaramar hukuma

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini kan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Mun yi murna a nan Zariya, amma murnar ba ta cika ba sai mun ga inda kuɗin ke shiga.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takardun gwamnati ba sai ya faɗi dalili ba, kuma a amsa masa cikin kwana 7. Duk da haka, da matasan unguwarmu suka kai wasiƙa wata sakatariya suna tambayar nawa aka kashe kan burtsatsen da ta ƙafe tun fentin allonta bai koɗe ba, ko hatimin karɓa ba a buga musu ba. Aka ce maigida ba ya nan, su dawo gobe. Wallahi abin ya yi mini ciwo, domin ruwan sha suke nema wa iyayensu.

Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomi su ware jami'i guda mai karɓar irin wannan buƙata, ya buga hatimi da kwanan wata. A kuma liƙa jerin kwangiloli da kuɗinsu a allon sanarwa duk wata, da Hausa.

Naka,
Wani mai karatu,
Tudun Wada, Zariya