Katifar Ruwa: A Yi Awo Kafin a Sayi Zanin Gado

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan abin da ya shafi sana'ata. Ni tela ne a Bauchi, kuma yawancin aikina ɗinkin zannuwan gado ne da rigunan matashi na kayan ɗakin amare. Kwanakin baya wata Hajiya ta aiko mini da zannuwa uku masu tsada a kan in ƙara musu roba, domin ɗanta ya saya mata katifar ruwa, wato katifar leda da ake cikawa da ruwa, saboda ciwon baya, amma duk zanin da aka shimfiɗa da dare, kafin asuba ya tattare ya koma tsakiyar gado, ita kuma ta farka bayanta a manne da leda. Da aka yi mini iso na shiga na auna gadon, sai na tarar zannuwan ba su da laifin komai, ba domin irin wannan katifa aka ɗinka su ba.

Tun a shekarun 1830 wani likita a Birtaniya, Neil Arnott, ya ƙera gadon ruwa domin majinyatan da doguwar kwanciya ke jawo wa gyambo. Amma irin wadda ake sayarwa yanzu wani Ba'amurke ne mai suna Charles Hall ya tsara ta a 1968, kuma awon da Amurkawa suka tsayar mata shi ne tushen wannan matsala. Wadda ake ɗorawa cikin akwatin katako faɗinta ƙafa 4 ne ko 5 ko 6, amma tsawonta kullum ƙafa 7 ne, alhali zannuwan da suka cika kasuwar Wunti yawancinsu an yanka su ne a kan katifarmu ta ƙafa 6. Akwai wani iri kuma da aka zagaye shi da soso, wanda a ido kamar katifar da muka saba take, shi wannan yakan karɓi zanin gado na yau da kullum idan bakinsa yana da zurfi. Saboda haka mai saye ya fara sanin wanne ne a ɗakinsa, ya auna tsawo da faɗi da kauri, sannan ya nufi kasuwa.

Ko da awo ya yi daidai, roba kaɗai ba ta riƙe zani a kan abin da ke motsi, domin duk juyin da mai barci ya yi ruwa yana gudu zuwa ɗaya gefen, kusurwa ta saki. Zanin da aka yi domin wannan gado yana da aljihu mai zurfi a kowace kusurwa, wanda ake ɗaga kunnen katifar a zura shi a ƙarƙashi, nauyin ruwan ya danne shi. Nauyin kuwa ba na wasa ba ne, domin babbar katifa takan sha kusan lita 900, wato jarka fiye da 30 irin ta 'yan garuwa. Sau da yawa kuma ana haɗe zanin rufa da na shimfiɗa ta wajen ƙafa domin kada ɗaya ya zame ya bar ɗaya. Babu abin da ya gagari telanmu na gida a cikin wannan ɗinki, muddin ya wanke yadin audugar kafin ya yanka, saboda takan ƙanƙance a wankin farko. Abin da nake gargaɗi a kansa shi ne al'adar kafe zani da fil ko allura, wadda na tarar har an fara yi a gidan Hajiyar, Allah dai ya kiyaye ba a huda ledar ba.

Abin da ya fi zanin muhimmanci, a ganina, shi ne shimfiɗar da ake sawa tsakaninsa da katifar. Leda ba ta shan gumi, kuma wanda ya san zafin Maris da Afrilu a Bauchi ya san abin da hakan ke nufi ga fatar mutum. Ruwa kuma yana zuƙe ɗumin jiki, abin da ke da daɗi a bazara amma ya zama azaba a tsakiyar hunturu, musamman da yake na'urar ɗumama ruwan da wutar lantarki take aiki, kowa kuma ya san halin da muke ciki. Shimfiɗar auduga mai kauri tana tsotse gumin, tana tare sanyin, tana kuma hana maiƙon jiki da man shafawa taɓa ledar, waɗanda a hankali suke sa ta ƙandare har ta fara tsagewa. A lokacin sanyi kuma a bar bargo a kan gadon da rana domin ɗumin da ruwan ya tara kada ya tsere. Zannuwan nan masu santsi da sheƙi da 'yan jere ke so, a yi haƙuri da su a nan, ba sa zama.

Iyaye mata kuma su sani cewa likitocin yara sun hana kwantar da jariri a kan katifar ruwa, domin fuskarsa na iya nutsewa numfashi ya gagara, kuma babu kaurin shimfiɗar da ke kawar da wannan haɗari.

Ita dai Hajiya na ɗinka mata zannuwa biyu na auduga masu aljihu da shimfiɗa ɗaya mai kauri, ukun nan masu tsada kuwa ta ce a kai su ɗakin jikarta da za a aurar bayan salla.

Naku,
Wani tela mai ɗinkin zannuwan gado,
Bauchi.